Fara da Hangara a Karkarar Kano

Manomin gero a ƙasar Bichi, Dambatta, Kunchi ko Minjibir ya san ƙwari biyu da ke zuwar masa idan damina ta yi nisa, kuma ya daɗe da yanke wa kowannensu hukunci. Fara tana ɓarna, amma ana ramawa a kanta, domin in ta ci gero ana kama ta a soya da gishiri da yaji, a ci a gida ko a auna a kasuwa. Hangara kuwa ba ta da mai yi mata uzuri. Tana sauka a kan zangarniya daidai lokacin bununi, ta cinye fure, ta bar kan gero babu ƙwaya, in kuma aka murje ta a wuya ko a hannu, ruwan da take fitarwa ya tayar wa mutum bororo. Ba a cin ta, ba a sayar da ita. Wannan hukunci an gina shi ne a kan abin da ido ke gani a saman ƙasa cikin wata biyu ko uku. Sauran watannin shekara ƙwarin nan biyu suna tare a cikin rairayi, zurfin da bai wuce tsawon yatsa ba, kuma a can tsutsar hangara ce ke cin ƙwan fara. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, a tarihin karkarar Kano, abin da ya fi danne farar gida shi ne abin da ke samun ƙwanta a cikin ƙasa, alhali hukuma ta shafe kusan shekara ɗari tana zuba ƙarfinta da kuɗinta a kan farar da ta riga ta tashi sama.

Fara iri-iri ce, kuma wadda ta fi dacewa a gwada da hangara ita ce 'yar matsakaiciyar nan mai launin ƙasa ko tsanwa, mai baƙin zane a lanƙwashe a fiffikenta na ciki, wadda masana ke kira Oedaleus senegalensis, ko farar Senegal, saboda daga can aka samo wadda Hermann Krauss ya fara siffantawa a 1877. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Jigawa mai rairayi da ƙarangiya ita ce mazauninta, ciyawa da hatsi su ne abincinta, ba ta cika damuwa da gyaɗa ko wake ba. Macen takan tura ƙarshen cikinta cikin ƙasa ta zuba ƙwai wajen ashirin zuwa talatin a dunƙule ɗaya, ta toshe bakin ramin da kumfa. Wanda aka zuba a tsakiyar damina yakan ƙyanƙyashe cikin mako biyu ko makamancin haka, shi ya sa takan yi zuriya har uku kafin kaka. Wanda aka zuba a watan Satumba da Oktoba kuwa yakan kwanta, ya ratsa hunturu da bazara, sai ruwan shuka ya jiƙa ƙasa sosai sannan ya farka, kuma ba duka yake farkawa lokaci ɗaya ba. Wani yakan iya tsallake damina guda in ruwa bai isa ba. Ɓarnarta kashi biyu ce. 'Ya'yan farko suna fitowa tare da tsiron gero, su cinye shi tun yana ganye biyu, manomi ya koma neman iri. Manyan ƙarshe kuma, waɗanda suka bi ruwa zuwa arewa cikin damina, sukan juyo kudu da dare idan iskar arewa ta fara turo damina baya, su faɗa wa geron da ƙwayarsa ke da madara. Binciken da aka yi da na'urar hangen abin da ke shawagi a sama a Mali cikin shekarun 1970 ya nuna suna iya cin kilomita 300 ko fiye a dare ɗaya.

Hangara ita ma dangi ce babba. Akwai baƙa mai ratsin ja ko rawaya da ke yini a kan furen wake, kuɓewa da rama, wadda masana ke sanyawa cikin jinsin Mylabris da 'yan uwansa. Akwai doguwa mai launin toka ko ƙasa-ƙasa, ta jinsin Psalydolytta, wadda ta fi cin gero da dare kuma take bin hasken fitila. Dafin da ke tayar da bororo, kantaridin, shi ne kariyarsu, kuma yana da ƙarfin da a Amurka dawaki kan mutu idan suka ci ciyawar da aka daddanne waɗannan ƙwari a cikinta. Wasu daga cikin dangin suna renon 'ya'yansu a gidajen ƙudan zuma na daji, amma waɗannan da ke damun gero da wake yawancinsu da ƙwan fara suke rayuwa. Uwar takan zuba ƙwai masu yawa a ƙasa. Abin da ke fitowa ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai ƙafafu da sauri, wanda ba shi da wani aiki sai yawo a kan ƙasa yana neman bakin ramin da fara ta toshe. In ya samu ya kutsa, ya saki fata, ya zama tsutsa mai ƙiba wadda ba ta tafiya, ta zauna tana shanye ƙwai ɗaya bayan ɗaya. In ta ƙoshi sai ta ƙara nitsewa, fatarta ta yi tauri, ta kwanta har damina ta zagayo. Wanda bai sami ƙwan fara ba mutuwa yake yi. Charles Valentine Riley ne ya fara bayyana wannan ɗabi'a dalla-dalla a Amurka wajajen 1877, lokacin da fara ke cinye gonakin tsakiyar ƙasar, kuma ya lura cewa irin waɗannan ƙwari sukan yawaita bayan shekarun fara. Ma'anar wannan a gonar Kano mai sauƙi ce: duk hangarar da aka gani a kan zangarniya shaida ce cewa an cinye dunƙulen ƙwan fara, ko babban kashi daga cikinsa, a daminar da ta wuce.

Sai dai hangara ba ita kaɗai ke wannan aiki ba, kuma a karkarar Kano ba ita ce ma babbar mai yin sa ba. Ƙasar da ke kewaye da birnin ta bambanta da yawancin ƙasar Hausa tun da daɗewa. Heinrich Barth, da ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, ya sa lardin cikin wurare mafiya albarkar noma da ya sani. Fiye da shekara ɗari bayan haka, Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar da nazarinsu na 1965 a kan wannan yanki mai cunkoson jama'a, suka nuna ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu, wadda jakuna ke kai wa birni itace da amfanin gona da rani, su komo da mangalar taki. Aikin da Frances Harris ta yi a Tumbau ta ƙasar Gezawa a farkon shekarun 1990, inda mutane suka haura 200 a kowace murabba'in kilomita, ya nuna yadda harawar wake da ta gyaɗa ke ciyar da tumaki da awaki, takinsu kuma ya koma gona. Waɗannan masana ƙarfin ƙasa da rayuwar mutane suke bincike, amma wanda ya karanta su da tunanin fara zai ga wani abu. Farar Senegal tana son saura, tana son ƙasar da ba a taɓa ba mai gajeriyar ciyawa, inda ƙwanta zai kwanta lafiya kuma 'ya'yanta su tarar da abinci da sun fito. A karkara saura ta yi ƙaranci tun kakanni. Ana huɗa, ana noman firi, ana maimai, ana tone gyaɗa da kaka, ana tattara ciyawa a kai wa dabbobi, kuma da an kwashe amfani sai a saki bisashe su tattake gona har bazara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana fasa ƙwai, ko ya fito da shi rana ta busar, ko ya bar shi ga zabi da kaji, ko ya hana ɗan fara ciyawar farko. Haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya kuma yana rage mata abin da take so. Manomi bai yi wannan don fara ba, don cikinsa ya yi, amma sakamakon ɗaya ne.

Hukumar zamani ba ta wannan ƙofa ta shigo batun fara ba, kuma dalilin hakan yana cikin tarihi. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake tunawa da sunan Kakalaba, fari ne ya kawo ta. Amma daga 1928 wata irin fara mai tafiya rundu-rundu ta tashi daga fadamun kogin Kwara a ƙasar da yanzu ake kira Mali, ta iso Najeriya cikin shekara biyu, ta bazu a yawancin Afirka kudu da Sahara, ba ta lafa ba sai wajen 1941. A yammacin Nijar ta haɗu da ƙarancin ruwa da nauyin haraji ta jawo yunwar 1931. A Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, kuma kamar sauran lardunan Arewa, aikin yaƙar fara ya bi ta hannun En'e, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa: a fito da jama'a, a haƙa ramuka a kora 'ya'yan fara ciki, a buge, a ƙone, a watsa dusa mai guba. A daidai wannan zamani ne ra'ayin Boris Uvarov, wanda ya fara bayyanawa a 1921, ya sami karɓuwa, cewa farar da ke zaune ita kaɗai da wadda ke tafiya cikin runduna halitta ɗaya ce da cunkoso ke sauya wa kama da hali. Daga nan aka fahimci cewa in an tsare wuraren da take fara taruwa za a iya kashe annoba tun tana ƙarama. Aka kafa cibiyar binciken fara a Landan a 1945, aka kafa ƙungiyar OICMA a shekarun 1950 don ta tsare fadamun Mali, sannan OCLALAV a Dakar a 1965 don farin dango da tsuntsaye. Aka sami diyaldirin, gubar da ke daɗewa a kan ciyawa ba ta lalace ba, aka sami jirage. Ba daidai ba ne a raina wannan aiki, domin irin annobar 1928 ba ta sake maimaituwa da wannan girma ba. Amma ya bar wa ma'aikatun gona wata ɗabi'a: fara abu ne da ke zuwa daga waje, ana jiran rahoton ganinta, ana neman jirgi da ganga, ana feshi, ana lissafa hekta.

Da farin 1972 da 1973 ya wuce, ruwa ya dawo a 1974, abin da ya cinye gero daga Senegal zuwa Chadi, har da arewacin Najeriya, ba runduna ba ce daga hamada. Farar gida ce, farar Senegal a kan gaba, kuma an ƙiyasta ta mamaye hekta miliyan 3 da rabi a Afirka ta Yamma a wannan shekara. Haka aka sake yi bayan farin 1983 da 1984: ruwa ya dawo a 1985, fara ta cika ƙasa a 1986, shekarar da aka rushe OICMA, kuma aka yi wa miliyoyin hekta feshi kafin farin dango ya biyo baya har zuwa 1989. Sau biyu a jere, fari sannan fara. George Popov, wanda ya yi shekaru yana tonon ƙwan fara a Mali da Nijar a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna cewa tsakanin kaka da farkon damina masu cin ƙwai kan lalata babban kashi, a wasu wurare fiye da rabi. Cikinsu akwai tsutsotsin wasu ƙudaje masu gashi, akwai wasu baƙaƙen ƙwari masu yawo a kan rairayi, akwai tsutsar hangara. Bayanin da ya fi dacewa da wannan jeri shi ne, a shekarun fari fara takan ragu, masu cin ƙwanta su rasa abinci su ragu fiye da ita, ita kuwa tana da ƙwan da ke iya jira. Da ruwa ya sauka sai ta yi zuriya uku a damina ɗaya, alhali hangara yawanci zuriya ɗaya take yi a shekara. Kafin mai ci ya kamo abin ci, gero ya tafi. Bayan haka kuma sai shekarun hangara su zo, kamar yadda aka gani a Mali da Gambiya cikin shekarun 1980, manomi ya ga annoba ta biyu bai san ragowar ta farko ba ce.

Feshi ya shiga wannan lissafi ba tare da sanin abin da yake taɓawa ba. Shirin Locustox da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a Senegal daga ƙarshen shekarun 1980 an kafa shi ne don a auna illar maganin fara a kan sauran halittu. Wani nazari da Harold van der Valk da Abdoulaye Niassy da abokin aikinsu suka buga a 1999 ya bi gonakin da aka fesa wa fenitirotiyon da waɗanda ba a fesa wa ba, ya tarar cewa fara ta ragu da farko, ta dawo daga baya, kuma a ƙarshen damina ƙwan da aka samu a gonakin da aka fesa ya fi na waɗanda aka ƙyale. A gabashin Nijar, a Maine-Soroa, shirin LUBILOSA, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA ke cikinsa, ya gwada wani naman gwari mai kama fara kaɗai a kan manyan filaye a 1996 da 1997. Wannan magani, wanda aka sa wa suna Green Muscle, ya fi jinkirin kisa, amma tasirinsa ya fi daɗewa, kuma ya bar sauran ƙwari da rai, alhali filin da aka fesa wa guba fara ta sake cika shi cikin makonni kaɗan. Wani zai ce duk waɗannan a Senegal da Mali da Nijar aka auna su. Gaskiya ne, amma farar ɗaya ce, rairayin ɗaya ne, geron ɗaya ne, kuma tazarar da ke tsakanin Dambatta da ƙasar Damagaram ba ta kai tafiyar fara ta dare ɗaya ba.

Suka mafi ƙarfi a kan wannan ra'ayi daga manomi take fitowa, kuma tana da gaskiya a cikinta. Zai ce shi bai ga amfanin ƙwaron da ke cinye masa bununi a watan Agusta da sunan ya rage masa farar baɗi ba. Asarar yau a gabansa take, ribar gobe kuwa ba ya ganin ta, ƙila ma gonar maƙwabci za ta amfana. A Gambiya da Mali doguwar hangarar nan ta taɓa yin ɓarnar da ta sa wasu manoma rage shuka gero, kuma mai wake a Gezawa ko Bichi ya san yadda mai ratsin ja ke kakkaɓe fure. Ban ce a bar ta ta ci ba. Abin da na ce shi ne a bambanta wuri da lokaci. Uwar hangara tana zuba ƙwai da yawa ƙwarai, kuma abin da ke iyakance yawanta shi ne yawan ƙwan farar da 'ya'yanta za su samu. Saboda haka wanda ya kore ta daga gonarsa mako biyu ko uku na bununi, da hayaƙi a gefen gona kamar yadda manoman Sahel suka saba, ko da karkaɗe ta cikin bokitin ruwa da sassafe, ko da shuka gero mai gashi a zangarniya wanda ke hana ta zama, ko ma da feshin da ya tsaya a kan zangarniya kaɗai, bai rage rundunar da ke cikin ƙasa da wani abin kirki ba. Abin da ke rage ta shi ne gubar da ake shimfiɗawa a kan saura da burtali da makiyaya, inda 'ya'yanta ke yawon nema, wadda ke kashe su tare da ƙudajen da sauran ƙwarin da ke taya su. Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a riƙe. Wani bincike da aka yi a Mali ya sami tsutsar doguwar hangara a cikin ƙwan manyan fara masu babban dunƙule, alhali ƙananan masu ratsi ne aka fi samu a ƙwan farar Senegal. Wanda ya haɗa su duka ya yi musu hukunci ɗaya zai kashe mai ɗan amfani saboda laifin mai babbar ɓarna.

Suka ta biyu ta fi zurfi. In har hangara kullum a baya take zuwa, in kuma farar kaka daga Nijar take tasowa, me ƙwan da aka cinye a Kunchi zai hana? Ba zai hana saukar farar Oktoba ba, wannan babu musu. Amma ɓarnar farko, ta tsiron gero, wadda ke sa a yi shuka biyu ko uku a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu ba, daga ƙwan gida take fitowa, kuma farar da za ta tafi arewa ta hayayyafa ta dawo, daga wannan zuriyar farko take. Rage ta a tushe yana rage abin da zai juyo. Ga kuma wata hujja da ta fito daga baya, wadda ta shafi karkarar Kano kai tsaye. A 2012 Arianne Cease da abokan aikinta suka nuna a Mongoliya ta ƙasar Sin cewa 'yar uwar wannan fara ta fi bunƙasa a filin da kiwo ya cinye, inda ciyawa ta rasa sinadarin naitirojin. Suka kawo tambayar yankin Kaffrine na Senegal tare da Marion Le Gall da masanan ƙasar, suka tarar farar Senegal ita ma ta fi son ganye mai yawan sitaci da ƙarancin sinadarin gina jiki, ta fi yawa a saura da gonar da ta gaji, kuma geron da aka sa wa taki ya fi samun sauƙinta. Wato mangalar takin da jakin Kano ya yi ƙarnuka yana ɗauka tana cikin abin da ke sa ko farar da ta sauko daga arewa ba ta jin daɗin gonar. Idan taki ya yi tsada, ko aka sayar da harawa aka rasa dabbar da za ta ci, gona ta rame, an buɗe wa fara ƙofa ko da ba a ga alaƙar ba.

Dole kuma a yarda cewa fartanya ba ta tambayar wane ne a cikin rami. Tana fasa ƙwan fara, tana fasa tsutsar da ke cinsa. A Amurka farar da Riley ya yi nazari a kanta, wadda rundunoninta suka rufe sama daga 1874 zuwa 1877, ta ɓace baki ɗaya, ba a sake kama mai rai ba bayan 1902, kuma bayanin da Jeffrey Lockwood ya kawo shi ne garma da kofaton shanun baƙin manoma ne suka lalata 'yan kwarurukan da take zuba ƙwai. Farar Senegal ba za ta ɓace haka ba, domin mazauninta ya miƙe daga bakin tekun Atilantika har Indiya. Abin da misalin ke nunawa shi ne noma mai tsanani yana ture fara da mai cin ƙwanta gaba ɗaya zuwa gefe, zuwa 'yan wuraren da ba a taɓawa: iyakar gona mai gamba, burtali, bakin hanya, maƙabarta, filin makaranta, ragowar dajin gwamnati, da gonakin da suka fi nisa da gari a arewacin Kunchi da Makoda inda jama'a ba su kai na kusa da birni cunkoso ba. A waɗannan wurare fartanya ba ta aiki, saboda haka aikin ya rage ga tsutsa a ƙasa da tsuntsu a sama, shamuwa da balbela da shirwa. Su ne kuma wuraren da mai feshi ya fi saurin nufa, domin nan ake ganin 'ya'yan fara sun taru.

Cin fara ma yana da wuri a wannan tarihi, ko da yake ba na ganin ya taɓa rage yawanta da wani abin a zo a gani. Shari'a ta halatta ta, malaman Malikiyya kuma suka shardanta a kashe ta da wani sababi, kamar jefa ta a ruwan zafi, wanda shi ne dama abin da masu sana'ar ke yi. Ana kamun ta da dare ko da asuba lokacin sanyi, sa'ad da ba ta iya tashi, manyan sun fi daraja, kuma buhunan da ke shigowa daga Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna ciyar da masu suya a Kano. Muhimmancin wannan ga batunmu shi ne mutanen da ke ci da wannan sana'a, yawancinsu mata da matasa, suna da dalilin da ya fi na kowa na ƙin feshin kan mai uwa da wabi, tunda farar da aka tsinta bayan feshi guba ce a faranti. Diyaldirin an daina amfani da shi a kan fara tun ƙarshen shekarun 1980, yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kuma ta haramta shi, amma a mamayar farin dango ta 2003 zuwa 2005 an sake fesa wa hekta wajen miliyan 13 wasu magungunan a arewa da yammacin Afirka, kuma a ƙauyukan Kano yau famfon feshi na goyo da kwalabar magani daga kasuwa sun isa hannun kusan kowane saurayi.

Abin da tarihin nan ke nema a ƙara cikin aikin malaman gona ba sabon abu ba ne. Ma'aikatun kare tsirrai na Nijar da Mali sun san binciken ƙwan fara da rani, kuma cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 ta horar da ma'aikata a kansa. Tsakanin Nuwamba da Afrilu, lokacin da babu aikin gona mai yawa, ana zaɓar wurare a saura da burtali da iyakokin gonaki, a kankare saman ƙasa da fartanya a faɗin da aka auna, a tankaɗe rairayin, a ƙirga dunƙulen ƙwai, sannan a fasa a ƙirga nawa ne lafiyayyu, nawa ne aka shanye, nawa ne ke da tsutsa a ciki. Lissafin farko yana faɗin inda tsiron gero zai shiga haɗari, don a yi tanadin iri da magani mai kama fara kaɗai tun kafin ruwa. Na biyu yana faɗin inda masu cin ƙwai suka riga suka yi aikin, wanda bai kamata a fesa ba, da kuma inda za a sa ran hangara a watan bununi. Hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, tana da malaman gona a ƙananan hukumomin arewacin jihar tun farkon shekarun 1980, cibiyar bincike ta Samaru da tashar IITA ta Kano suna da masanan da za su tantance abin da aka tono, kuma shekarar da ta fi bukatar wannan ƙirga ita ce wadda ta biyo bayan damina mai ƙarancin ruwa, kamar 1973 da 1984.